Ranar Da Bakano Ya Ce Mini Sannu

Tun da muka dawo daga Nepal ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk Juma'a in muka taru a majalisarmu ta bayan kasuwar Asian Town a nan Doha, kafin in zauna wani zai ce, "Malam Shehu, wai da gaske ne a kan dutsen nan ka zube?" Direbobin kamfaninmu ma, waɗanda aikina shi ne in riƙa gaya musu ta rediyo inda za su kai kaya, sun fara tambayata a kan layin aiki. Na gaji da amsa guntu-guntu. Ga labarin daga farkonsa, kamar yadda ya faru.

Lawan ne ya jawo tafiyar. Shi Bakano ne, ni Bazazzagi, kuma shekara shida muna ɗaki ɗaya a unguwar Mu'aither. A tsawon shekarun nan bai taɓa kirana da sunana ba, sai "bawana". Ni ma da shi nake rama masa. In na yi tuntuɓe zai ce Zage-zagi ba su saba da kwalta ba. In ya yi cinikin tumatir zan ce a lissafa canji sau biyu, Bakano ya shigo. Wasa ne da muka gada, ba mu muka ƙirƙira ba, kuma babu ranar da ake hutunsa.

Lawan maigadi ne a wani dogon bene mai hawa arba'in. Rabin abokan aikinsa 'yan Nepal ne, su suka cika masa kunne da labarin wani dutse mai suna Kanchenjunga, na uku a tsayi a duniya. Yana da sansani biyu, na arewa da na kudu, inda masu hawa ƙololuwarsa ke kafa tanti. Zuwa sansanonin kaɗai tafiyar mako uku ce a ƙafa. Doka kuma ba ta barin baƙo ɗaya ya shiga yankin, sai mutum biyu da ɗan jagora.

Na ce, "To me ya sa ni?"

Ya ce, "Kowane babban mutum yana buƙatar mai riƙe masa buta."

Sai da muka jima ya faɗi gaskiyar, yana goge takalminsa na aiki, bai dube ni ba. "Shekara tara ina buɗe wa mutane ƙofa. Ina so in je wuri ɗaya da ba aiko ni aka yi ba." Ban sami abin tsokana a wannan maganar ba. Na nemi hutu.

Shiri ya ci wata uku. Lawan ya daina shiga lif, yana hawa benen nan arba'in da ƙafa sau biyu kowace rana, yana gaya wa duk wanda ya tsaya cewa dutse bene ne da ba a yi wa fenti ba. Muka je Asian Town sayen rigunan sanyi a ranar da takalmi ke manne wa kwalta don zafi. Mai shagon ya ga ƙato yana gwada riga mai auduga yana zufa kamar an tsamo shi daga rijiya, ya tambaye ni a hankali ko abokina lafiya yake. Na ce lafiya lau, Bakano ne.

Biza a nan Doha muka karɓo, domin fasfonmu ba ya cikin waɗanda ake buga wa a filin jirgi. Jirgin kuwa cike yake da ma'aikata 'yan Nepal masu komawa gida, kowa da kwalin talabijin da bargo. A Kathmandu jami'in ya juya fasfona, ya dubi katin zamana na Qatar, ya ce, "Aiki?" Na ce yawon buɗe ido. Ya sake dubana. Ya kira na kusa da shi ya nuna masa, suka yi dariyar da ba ta raini ba. Na fahimci abin: kullum mutanensu ne ke tafiya inda muka fito don neman abinci, yau ga masu neman abinci biyu sun zo hawa dutse ba wanda zai biya su.

Daga nan ƙaramin jirgi zuwa gabas, sannan kwana ɗaya da rabi a mota zuwa wani gari da ake kira Taplejung. Ni da nake wuni ina yi wa direbobi faɗa kan gudu, na ga direba yana kwana a bakin ramin da ba a ganin ƙasansa, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana gaida mutanen gefen hanya. Na rufe ido. Lawan ya karanto duk addu'ar da ya sani, da ta ƙare ya koma kan addu'ar shiga kasuwa.

Ɗan jagoranmu sunansa Pemba, gajere, mai kimanin shekara hamsin. Ya yi shekara bakwai yana aikin gini a Doha, don haka muna haɗa Turanci da Larabcin titi mu fahimci juna. Tare da shi akwai ɗan dako, wani dattijo da ke rataya kayanmu da igiya a goshi, ba a tsakar kai da gammo kamar namu ba. Sanye yake da silifas. Lawan ya dubi silifas ɗin, ya dubi manyan takalmanmu, ya yi shiru na minti ɗaya, wanda a wurinsa dogon shiru ne.

Ranar farko Lawan ya yi gaba kamar an kira shi a waya. Pemba ya ƙyale shi har muka tarar da shi zaune kan dutse yana haki. Ya ce, "Habibi, yalla, wato maza-maza, a Doha ka baro ta. A nan bistari, bistari." Wato a hankali, a hankali. Sannan ya zaunar da mu ya kafa doka. Ya ce in an yi sama iska tana ƙaranci, kuma akwai ciwon da tsayi ke kawowa, wanda ba ruwansa da ƙarfin mutum. Yana farawa da ciwon kai da ƙin abinci. In aka ɓoye shi aka ci gaba da hawa, ruwa yakan taru a ƙwaƙwalwa ko huhu, mutum ya mutu. Maganinsa ɗaya, sauka. Don haka kowace safiya zai yi mana tambaya uku: yaya kai, yaya barci, yaya cin abinci. "Ba gaisuwa nake yi ba," in ji shi. "Tambaya nake yi."

Muka ce mun ji. Da na san abin da ke zuwa, da a nan na gaya masa irin mutanen da ya ɗauko.

Masaukai gidajen katako ne, bango siriri har kana jin maƙwabci yana juyi. A tsakiyar ɗakin cin abinci akwai murhun ƙarfe, kowa yana kewaye da shi, baƙo da mai gida. Can sama inda itace ya ƙare, busasshen kashin shanu ake hurawa, abin da bai ba mu mamaki ba sai dai ya tuna mana gida. Abinci kuwa ɗaya ne safe da yamma: shinkafa, da romon wani ƙaramin wake mai ruwa-ruwa, da ganye. Nama mun haƙura da shi tun da ba mu san yankan ba, muka dogara da kilishi da yajin da Lawan ya ƙunso. Abin da ya girgiza shi shi ne ƙari. Kana cinyewa matar gida za ta zo ta ƙara, ta sake ƙarawa, kuɗin kuma bai canja ba.

"Tambaye ta," ya ce mini, "wa ya koya mata kasuwanci?"

Na ce, "Ba Bakano ba dai."

A kwana na uku muka shiga wani gida muka tarar da maza zaune, kowa da ɗan tulun katako cike da gero, ana zuba ruwan zafi suna zuƙa da tsinken gora. Lawan ya ga gero, idonsa ya kawo ruwa. "Bawana, kunu!" Ya miƙa hannu. Pemba ya tsallako benci ya riƙe shi. "Haram, habibi, haram!" Ashe giyarsu ce. Matar gidan ta ji kunya fiye da mu, ta kawo mana shayi don ban haƙuri. Shayin da gishiri ne da man shanu. Lawan ya kurɓa, ya riƙe a baki yana neman inda zai kai shi, matar tana tsaye tana murmushi. Ya haɗiye. Ta ƙara masa.

Akwai abubuwan da muka koya da jiki. In ka haɗu da shanunsu masu dogon gashi, da ake kira yak, ka tsaya ta gefen dutse, ba ta gefen rami ba, domin ba sa kaucewa kowa. In sun hau gadar igiya, gadar tasu ce. Lawan ya gwada yi wa ɗaya tsawa irin ta Fulani a tsakiyar gada, ya dawo da baya da sauri fiye da yadda ya tafi. Akwai kuma jerin duwatsu masu rubutun addu'o'insu a tsakiyar hanya, waɗanda ake bi ta hagunsu. Pemba bai ce dole ba, amma mun bi, tun da shi ma in mun shimfiɗa darduma yakan tsayar da ɗan dako, ya hana kowa giftawa. Alwala ce ta zama jarrabawa. Ranar da muka tarar ruwan buta ya daskare, Lawan, wanda ya sha ce mini taimama ta ragwaye ce, ya dafa ƙasa kafin ni.

Kowace safiya Pemba yana tambayoyinsa uku. Ni nakan ba shi rahoto dalla-dalla: kai yana ɗan sarawa ta hagu, na farka sau biyu, na ci rabin faranti. Lawan yakan saurara yana girgiza kai. "Ka ji Bazazzagi, ana tambayarsa lafiya yana karanta labarai." In an juyo kansa sai ya buga ƙirji ya ce babu matsala, komai lafiya.

A Ghunsa, ƙauye na ƙarshe mai kama da ƙauye, muka kwana biyu don jiki ya saba. Daga nan itatuwa suka ƙare. Muka kwana a Khambachen, washegari muka nufi Lhonak, zango na ƙarshe. Daga Lhonak zuwa sansanin arewa tafiyar safiya ɗaya ce.

A hanyar nan akwai wurin da dutse ya zaftare, ana bi ta kan tsakuwa. Ƙafata ta zame, na zauna daɓas, sandata ta yi gefe, hulata ta gangara. Ban ji ciwo ba. Abin da na ji shi ne baƙin cikin cewa a gaban Lawan aka yi, kuma zan ji labarin har tsufana. Na zauna ina jiran abin da zai ce.

Ya ce, "Sannu."

Ya wuce.

Na bi shi da kallo. Shekara shida, ban taɓa jin kalmar nan daga bakinsa zuwa gare ni ba. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni a Mu'aither, shi ya kai ni asibiti, shi ya dafa mini kunu, amma abin da ya ce shi ne kada in mutu ban biya fansar kaina ba. Na tashi na cim masa. Na ce bari in gwada da babbar sanda.

"Lawan, ka san Kano asalinta ƙauyen Zariya ce ko?"

Ya ce, "Haka ne."

Nan na tabbatar akwai matsala. Muna isa Lhonak da azahar na ja Pemba bayan gida na ce abokina ba shi da lafiya. Ya ce ai da safe ya tambaye shi, ya ce lafiya. Na ce, "Pemba, a ƙasarmu in ka je duba mutum yana kan gargara, ka ce yaya jiki, zai ce da sauƙi. Ba ƙarya yake yi ba, haka aka rene mu. Wannan kuma ƙari a kan haka, ba zai taɓa cewa ya gaza a gabana ba."

"Ba abokinka ba ne?"

"Shi ya sa."

Bai gane ba, amma ya shiga ciki. Abincin Lawan yana gabansa bai taɓa ba. Yajin ma bai buɗe ba. Pemba ya ja layi a ƙasa da sanda, ya ce ya taka a kai, ƙafa gaban ƙafa. Mutumin da ke hawa bene arba'in ya yi taku uku ya tafi gefe kamar an ture shi. Da aka matsa, ya yarda cewa kwana biyu ke nan kansa kamar ana sara da gatari, kuma ya yi amai a bayan dutse da safe. Pemba ya ce, "Khalas, magana ta ƙare. Yanzu za mu sauka. Ba gobe ba."

Lawan ya zauna a benci ya riƙe gefensa da hannu biyu. Ya yi magana da Hausa, a hankali, harshensa yana nauyi. "Ba inda za ni. Saura safiya ɗaya. Na gaya wa kowa. In koma majalisa a ce Bazazzagi yana tsaye Bakano ya faɗi? Gara a binne ni a nan."

Pemba ya dube ni. Ba mai iya ɗaukar Lawan da ƙarfi, ko mu ukun muka taru. Rana kuma tana tafiya, sauka zuwa Khambachen awa huɗu ce ga mai lafiya.

Zan faɗi gaskiya a nan, tun da ita na zauna rubutawa. Ni lafiyata ƙalau a ranar. Ban taɓa jin ƙarfi irin na wannan yini ba. Ni da aka jawo don riƙe buta, kwana goma na tafiya sun sa ina son ganin sansanin nan fiye da yadda zan iya bayyanawa. Ta tagar ɗakin ina hango hanyar da ta nufi can. Na dube ta sau ɗaya.

Sannan na kama kaina da hannu biyu, na zame daga benci na zauna a ƙasa. Na ce, "Wayyo kaina. Lawan, ni kam na gaza. Tun jiya nake ɓoyewa. Ka rufa mini asiri ka sauka da ni."

Na yi aikin rediyo a gida kafin in zo Doha, amma labarai na karanta, ban taɓa wasan kwaikwayo ba. Pemba ya juya baya yana gyara igiyar jaka wadda ba abin da ya same ta. Lawan ya ɗago kai da ƙyar. Ya daɗe yana dubana. Can gefen bakinsa ya motsa.

"Na sani," ya ce. "Na san za a yi haka. An ce kada a tafi da bawa wuri mai nisa." Ya dafa bango ya miƙe. "Tashi, in kai ka gida."

Haka muka sauko. A hukumance shi ke riƙe da ni. Hannunsa yana wuyana, ɗayan a wuyan Pemba, dattijon mai silifas yana gaba da kaya. A wurin zaftarewar nan muka bi da shi taku ɗaya-ɗaya, ni ta gefen rami. Duk sa'ad da ya tsaya numfashi sai in ce ni ne na gaji. Muka isa Khambachen ana kiran magariba a wayata. Washegari muka ci gaba zuwa Ghunsa. A can ya yi barci yini guda, ya tashi ya cinye faranti uku, ya dube ni ya ce Zage-zagi ko ciwo ba su iya ba, dubi yadda na warke ba kunya. Pemba ya ji sautin muryar, ya tambaye ni me ya ce. Na ce zagina yake yi. Ya ɗaga hannu sama ya ce alhamdulillah.

Sansanin kudu ma ba mu je ba, Pemba ya hana. Da muke sallama a Taplejung ya riƙe hannuna ya ce, in na sake kawo masa ɗan ƙasarmu, ba zai tambaye shi lafiya ba, zai tambayi abokinsa.

Sauran kun sani. Mako shida Lawan yana ba da labari a majalisa, kowace Juma'a yana ƙara masa gishiri. A makon farko tallafe ni ya yi. A na huɗu goya ni ya yi. Ni dai ina shan shayina.

Juma'ar da ta wuce, Baba Isa, mutumin Kumasi da ke tuƙin motar makaranta, ya ce shi ma ya yanke shawara, baɗi zai tafi da ƙaninsa. "Ai na gane sirrin," in ji shi. "In dai mutum yana da ƙarfi kamar Lawan, ya daure kawai. Ciwon na masu raki ne." Aka yi dariya, aka dube ni. Lawan bai yi dariya ba.

A mota muna komawa Mu'aither bai tsokane ni ba har muka wuce shatale-tale biyu. Na fara tunanin ko in gwada shi da maganar ƙauyen Zariya. Sai ya ce, "Ka rubuta."

"In rubuta me?"

"Yadda aka yi. Kafin Baba Isa ya je ya daure."

Na ce, "Ashe ka sani."

"Mai ciwon kai ba ya bi ta gefen rami," ya ce. "Kuma ba ya cinye wa mutane kilishi a hanya." Ya juya yana kallon waje. "Amma da sharaɗi. Ka sa a ƙarshe cewa tun da aka kafa Zazzau, wannan ne karo na farko da bawa ya yi wa ubangidansa amfani."

Ga shi na sa.